Ƙunshin da Fo Mawuko Ya Bari

Litinin, 4 ga Maris

Saƙon ya shigo da safe, ina cin ayimolu, shinkafa da wake, a gaban kwamfutar ofis. Ba mutum ne ya rubuto shi ba, injin rumbun manhajoji ne, shi kuwa bai san gaisuwa ba. Wai ƙunshinmu na allon rubutun harshen Ewe ya daina haɗuwa da sabbin kayan da aka shigo da su. In ba a gyara ba kafin a rufe ƙofa a tsakiyar Afrilu, za a cire shi daga Linux ɗinmu da zai fito bana.

A ƙasan saƙon an sa: Mai kula, Mawuko Adzraku. Mataimakiya, Enyonam Kpodar.

Na daɗe ina kallon sunayen nan, ɗaya a kan ɗaya, har shinkafar ta huce.

Gyaran zan iya. Ɗorawa a rumbu ce ba zan iya ba, don Mawuko ke da iznin sa hannu, shi da nake kira Fo, wato yaya da Ewe. Ni tun farko mai miƙa masa kaya ce. Rabonsa da taɓa ƙunshin ya haura shekara biyu. Rabonsa da amsa min saƙo, gara kada in lissafa.

Na tura masa. "Fo, ka gani?" Na ƙara wani layi a ƙasa, na goge.

Laraba, 6 ga Maris

Shiru.

Na gano inda matsalar take lokacin hutun rana. Layi kaɗan ne. Na gyara a kwamfutata, na danna, ɖ ta fito, ƒ ta fito, ŋ da ɔ da ɛ duk suka fito da alamominsu a kai, tsaf. Sai na juya hagu in ce "ga shi nan", na tarar da kabad ɗin takardun kwastan.

Abin da ba na gaya wa kowa shi ne har yanzu da muryarsa nake karanta saƙonnin kuskure. Tun shagon intanet na Tokoin, inda muka fara, shi yana riƙe da littafin waƙoƙin coci yana kiran haruffa, ni ina neman inda za mu ajiye kowanne a kan allo. Ranar da na buga wa kwamfuta hannu don haushi ya ce, "Ke, Enyo, ba jaki ba ce. Karanta abin da take faɗa miki, tun ɗazu take magana."

Shi ya koya min yadda ake naɗe manhaja ta zama ƙunshi, yadda ake rubuta tarihin canje-canje ba tare da cika baki ba, yadda ake amsa wa mai ƙorafi ko da ya zage ka. Shekaru muka yi a haka. Bai taɓa cewa komai ba. Ni ma ban taɓa ba. Na ɗauka akwai lokaci.

Asabar, 9 ga Maris

Na je unguwar Bè wurin Tanti Yawa. Ajinta na yaƙi da jahilci ya cika yau, matan kasuwa ne duk, da ƙamshin kifi da man shafawa. Tsofaffin kwamfutocin nan shida har yanzu suna numfashi.

Ban ko zauna ba mai ƙyafaffen kifin da ake kira Da Ablavi ta ɗaga murya: "Malama, ina mijinki na kwamfuta? Ko kin cinye shi?"

Ajin ya fashe da dariya. Na ce yana ƙauye wurin mahaifiyarsa.

"To ke me kike yi a nan? Mota ta ƙare a Lomé?"

Tanti ta tsawata musu, amma ita ma tana murmushi. Bayan an tashi ta ja ni gefe. An yi mata alkawarin wasu kwamfutoci daga wata coci, za su iso kafin Satumba, wanda zai sa musu manhaja kuma daga rumbu yake ɗauko komai, ba ya yarda da abin da aka kawo a hannu. "Haruffanmu za su zo da su, ko?"

Na ce za su zo.

Ta ce, "Don matan nan, in suka danna suka ga d maimakon ɖ, cewa za su yi su ne suka yi kuskure. Ba za su dawo ba. Na san su."

A kan zem, babur ɗin haya, hanyar gida, na yi ta tunanin yadda na ce "za su zo" ba tare da ko ƙifta ido ba.

Talata, 12 ga Maris

Ilse ta rubuto. Ita ce tsohuwar nan ta Ostiriya da ke bin diddigin masu kula da suka ɓace. Ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san ba ta ɓata kalma.

Ta ce an daɗe ana neman Mawuko. Sauran ƙunsoshinsa duk an ayyana su marayu, wasu sun ɗauka. Wannan kaɗai ya rage da sunansa, shi ma don ina amsa ƙorafe-ƙorafe ne aka ƙyale. Za ta sa hannu ta ɗora min gyarana, amma da sharaɗi: a cire sunansa a sa nawa. "Mutane suna aika wa akwatin da ba a buɗewa. Ba adalci ba ne gare su, ba adalci ba ne gare shi."

Na ce ta ba ni ɗan lokaci.

Ta ce, "Ni zan iya jira. Ranar rufe ƙofa ce ba ta jira."

Layi ɗaya ne fa a cikin fayil. Na buɗe shi, na kai kan sunan, na rufe. Muddin sunan yana nan, to bai tafi ba, ya ɗan fita ne. Na san wauta ce. Ai a nan kaɗai nake rubuta ta.

Alhamis, 14 ga Maris

Na kira lambarsa. Tana shiga. Ba a ɗauka ba.

Lahadi, 17 ga Maris

Bayan coci na ci abinci a wurin Dada, mahaifiyata. Ta lura ina juya akume, tuwon masara, a cikin miya ba na kaiwa baki.

"Yaron nan ne har yanzu?"

Na ce aiki ne.

"Aikin da ba a biyanki, ki rame a kansa? Enyonam, ni na haife ki." Ta ƙara min kifi. "Kpalimé ba Turai ba ce. Ki je ki gan shi da idonki. In yana so, ki ji. In ba ya so, ki ji. Wannan zaman jiran naki ya ishe ni, ni da ba ni nake yi ba ma."

Na ce kunya nake ji, mace ta bi namiji har ƙauyensu.

"Uwarsa ba ta da lafiya. Ki sayi sabulu da madara, gaisuwar mara lafiya kika je. Wa zai ce miki wani abu?"

Gaskiyar ita ce ba kunya ba ce. Tsoro ne. In na je zan sani.

Asabar, 23 ga Maris

Na je. Bari in rubuta duka tun ban fara gyara wa kaina labarin ba.

Motar ta sauke ni a Kpalimé, zem ya haura da ni dutse zuwa ƙauyensu. An yi ruwa jiya, ƙasa ja tana ƙamshi. Na same shi bayan gida, durƙushe a cikin ƴan ledojin dashen koko. Da farko ban gane shi ba. Kafaɗunsa sun buɗe, gemu ya fito da furfura a gefe. Ya ɗago, ya kalle ni, ya yi dariyar nan tasa da ke fara fitowa ta hanci.

"Enyo! Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa, gaisuwar Mama na zo.

Mama tana kan kujera a inuwar baranda. Ɓarin jikinta na dama ba ya motsi, bakinta ya karkace, amma ta gane ni. Ta riƙe hannuna da na hagunta ta ƙi saki. Ya ce shi ke mata wanka, shi ke juya ta, ya iya dafa kunun da take iya haɗiya. Ya faɗa ba da neman tausayi ba, kamar yadda dā yake ba ni labarin ƙunshin da ya gama.

Akwai wata mata. Sunanta Da Sika, maƙwabciyarsu ce, mijinta ya rasu. Ta shigo da tukunyar miyar gyaɗa, ta gaishe ni da kyau, ta wuce madafa ba ta tambayi inda ludayi yake ba. Da ya fara daka fufu ita ce ta zauna tana juya masa a turmi. Hannunta na shiga, taɓarya na sauka, ko kallon juna ba sa yi. Ba wanda ya ce min komai. Ban tambaya ba.

Bayan mun ci na gaya masa zancen ƙunshin. Na shirya jawabi tun a mota, yadda zan ce ba ƙwace nake so in yi ba, na ɗan lokaci ne, duk ranar da ya dawo sunansa zai koma. Bai bar ni na kai rabi ba.

"Au, har yanzu sunana ne a kai? Ai na ɗauka kin karɓe shi tuntuni."

Haka kawai. Abin da na yi shekara biyu ina gadi.

Na ce, "Fo, ina kwamfutarka?"

Ya ba ƴar yayarsa da ke karatu a Atakpamé. Makullin sa hannun ma ya manta kalmar sirrinsa.

Na ce me ya sa bai amsa min ba, ko sau ɗaya.

Ya murza ƙasar da ta bushe a yatsunsa. Ya ce makon da Mama ta faɗi, yana zaune a asibiti ya buɗe akwatinsa, ya tarar da saƙonni sun taru, kowa da buƙatarsa. Wani ma da manyan baƙaƙe ya rubuto, wai in ba zai iya ba ya sauka. Ya rufe kwamfutar. "Sai na ji iska ta shiga ƙirjina, Enyo. Rabona da jin haka na manta."

"To ni fa?"

"Ba fushi na yi da ke ba, Allah ya sani. Duk lokacin da na ga sunanki a waya, sai in ga duk aikin da na bari. In ce gobe zan amsa da kyau. Goben ta yi yawa, sai kunya."

Wato ni aikin da ya bari ce. Na yi murmushi, na ce na fahimta. Na ma fahimta ɗin, shi ne abin haushin.

Ya karɓi wayata ya yi wa Ilse saƙon murya da Turancinsa mai tsatsa. Ya ce ƙunshin na Enyonam ne, dama ita ke yin aikin, shi sa hannu kawai yake yi. Ya nemi afuwa. Ya ce a gaida kowa.

Ya raka ni har bakin hanya, ya ɗaura min buhun ayaba da fiya a bayan zem. Mai babur ya tayar, sai ya dafa kafaɗarsa ya tsayar da shi.

"Matar nan mai kifi, Ablavi. Ta iya rubuta sunanta?"

Na ce har wasiƙa take rubuta wa ɗanta a Kwatano.

Ya gyaɗa kai, idonsa ya yi ja. Na jira. Na rantse na jira. Ya ce, "Ki sauka lafiya, ƙanwata."

Lahadi, 24 ga Maris

Ban je coci ba. Na ba maƙwabta ayabar.

Laraba, 27 ga Maris

Na cire sunan.

Bai ɗauki komai ba. Danna, goge, rubuta. A tarihin canje-canje na sa: "Sabuwar mai kula. Godiya ga Mawuko Adzraku, wanda ya fara wannan aiki ya riƙe shi shekaru." Na so in ƙara, sai na ji shi yana cewa ba a cika baki a nan.

Na aika wa Ilse. Na shiga banɗakin ofis na daɗe. Da na fito akawunmu ya ce idona ya nuna zazzaɓi, in je a duba jinina.

Ba ƙwace min shi aka yi ba. Ba ma nawa ba ne balle a ƙwace. Na rasa ma sunan da zan kira abin da nake makoki a kai.

Talata, 2 ga Afrilu

Ilse ta ɗora, amma injinan gwaji sun dawo da shi. Ya haɗu a ko'ina sai a kan ƙananan kwamfutocin nan masu arha, irin waɗanda makarantu ke saya. A can ya faɗi. Kuma sai ya wuce a duka kafin a bar shi ya shiga.

Ban taɓa taɓa irin wannan injin ba. Fo ne ke yin wannan ɓangaren. Hannuna ya kai kan waya kafin hankalina ya iso. Na ajiye ta a cikin jaka, na zuge.

An ɗauke wuta tun rana, batir ya mutu ina tsakiyar karanta bayanin kuskuren. Na zauna a ƙofar gida ina fifita da kwali. Wani yaro ya wuce da rediyo ana waƙar da ake sawa a shagon Tokoin. Sai da na shiga ciki.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Na tambayi Ilse ko za ta duba min. Ta ce, "Ƙunshinki ne. Ga hanyar shiga injin gwajin. Karanta daga layin farko, ba na ƙarshe ba."

Na ji haushinta. Na karanta daga layin farko. Ashe wani tsohon gyara ne da Fo ya yi tun da daɗewa, ya rubuta a gefensa, "na wucin gadi, a sake dubawa." Da haruffansa, da irin barkwancinsa, har da ƴar fuskar dariya. Na daɗe ban iya goge shi ba. Kamar in share sawun mutum a tsakar gida.

Na goge, na rubuta nawa. Ya haɗu.

Yanzu sai jira, ƙunshi yana kwana wasu kwanaki a ɗakin gwaji kafin ya wuce. In wani ya kawo ƙorafi a tsakani, shi ke nan.

Juma'a, 12 ga Afrilu

Ya wuce. Da ƙyar, amma ya wuce kafin a rufe.

Na kira Tanti Yawa. Ta ce, "To ai dama kin ce za su zo," ta ci gaba da ba ni labarin rufin ajin da ke yoyo. Ba ta san an yi wani yaƙi ba. Haka ya kamata.

Na aika wa Fo layi ɗaya. Ban sa rai ba. Da yamma sai ga hoto: masara ta tsiro a layi-layi a jar ƙasa. A ƙasa ya rubuta, "Sannu da aiki, mai kula."

Na karanta ya fi a ƙirga. Na ƙara girman hoton ina neman inuwarsa a gefe. Akwai inuwa biyu.

Lahadi, 21 ga Afrilu

Wasu ranakun lafiya lau. Yau ba ta cikinsu.

Asabar, 4 ga Mayu

Taron masu amfani da Linux a Agoè. Ban so zuwa ba, Dada ce ta ce in na ƙara kwana a ɗaki ranar Asabar za ta zo ta fitar da katifar. Sun sa ni na yi bayanin ƙunshin a gaban mutane.

Ina gamawa wata doguwar mata ta miƙe daga baya. Pyalo Tchangai, malamar firamare daga Kara, ta zo Lomé wani horo. Ba ta ko jira a ba ta dama ba.

"Ƴar'uwa, ku mutanen kudu kun ɗauka ku kaɗai Allah ya ba haruffa masu ƙugiya? Mu Kabiye da hannu muke ƙara namu bayan an buga takarda. Da biro! Yaushe za ki yi mana?"

Na ce ban iya Kabiye ba.

"Ni na iya. Ke kin iya kwamfuta. Me ya rage, sai an yanka kaza?"

Aka yi ta dariya. Ta karɓi lambata kafin in ce eh ko a'a. Tana da surutu kamar rediyon tasha.

Ilse kuma ta rubuto, wai lokaci ya yi da zan nemi iznin sa hannu na kaina, za ta tsaya min. Ban amsa ba tukuna. Wanda nake so in fara gaya wa yana can yana juya mahaifiyarsa.

Alhamis, 23 ga Mayu

Pyalo za ta kashe ni. Kwana da kwanaki muna rigima a waya kan inda za a sa ɩ da ʊ. Ta ce inda na ajiye su sai mai yatsa shida. Na ce ita ta zo ta naɗe ƙunshin in ta iya. Ta ce in koya mata mana, wa ya ce ba za ta iya ba. Na ji bakina yana cewa ta fara da karanta abin da kwamfutar ke faɗa mata.

Yau ta aiko hoton allo: jimla guda da Kabiye, ɗalibanta suka buga, ba biro. Ta ce ma'anarta "malamarmu ta Lomé tana da taurin kai." Ban yarda da fassararta ba.

Na cike takardar neman iznin. Ilse ta ce tambayoyin suna da wuya, in shirya.

Ina neman lambar Pyalo a jerin kira ne na ga sunansa. Fo ya kira ranar Talata. Na tuna yanzu, wayar ta yi ƙara muna tsakiyar rigimar ʊ, na duba, na ce bari in gama zan kira shi. Talata. Yau Alhamis.

Na zauna da wayar a hannu ina jiran abin nan ya soke ni a ƙirji. Ya zo, amma a hankali, kamar ciwon da ya fara warkewa yana ƙaiƙayi.

Ba komai ba ne. Aiki ne ya yi yawa. Zan kira shi in ji jikin Mama, gobe, ko Asabar in akwai wuta.

Pyalo ta ce in matsar da ɩ zuwa hagu. Ina jin tana da gaskiya, amma ba zan gaya mata yau ba.